Kwana Uku a Motar Malam Birki

Majami'ar da ke bayan tashar mota tana da dattawa biyar, tana kuma neman na shida. Ranar Lahadi bayan sujada Fasto ya karanta sunan wanda za a duba. Sai da ya karanta shi sau biyu, domin dariyar da ta tashi daga bencin baya ta cinye na farkon.

Sunan malamin tuƙi ne, wanda duk unguwar ke kira Malam Birki. Shekara goma sha tara ke nan yana koyar da mota a filin da ke bayan tsohon sito. In ya daka wa ɗalibi tsawa ya ce "Birki!", har masu keke a bakin titi sukan tsaya cak su waiga. Direbobin da suka fito daga hannunsa ba a cika jin sun yi haɗari ba. Ba a kuma cika ganin sun gaishe shi daga kusa ba.

Wannan ne karo na uku da sunansa ya fito, kuma a tsarin majami'ar ba a fito da sunan mutum sau huɗu. Shekarunsa hamsin da biyu. Shi ke buɗe ƙofa da ƙarfe shida kowace Lahadi, shi ke jera benci, shi ake kira in za a kai mara lafiya asibiti. Bai taɓa gaya wa kowa yana son kujerar ba sai matarsa, ita ma sau ɗaya. Ya ce yana so kafin ya mutu a san shi da wani abu ban da murya.

Majalisar dattawan ba ta kiran mutum ofis ta yi masa tambayoyi. Tun zamanin waɗanda suka kafa majami'ar aka lura cewa a ofis kowa salihi ne. Abin da ake yi shi ne, dattijo ɗaya ya ɗauki jerin halayen da wani manzo ya rubuta a nassi game da masu kula da ikilisiya, ya je wurin sana'ar mutum ya yi kwana uku yana kallo. Lokacin da aka duba mai gidan burodi, wanda yanzu yana cikin biyar ɗin, wani dattijo ya yi kwana uku yana kwaɓa fulawa. Sau biyu an aiko wa Malam Birki dattijo ya zauna a kujerar baya. Na farko ya sauka kafin tsakar rana yana dafe da kunne. Na biyu ya cika kwanakinsa, ya kawo rahoto mai layi ɗaya: "A ƙara masa lokaci."

Wannan karon Baba Akawu ne ya ɗaga hannu. Shi ne babba a majalisar, shekarunsa saba'in da shida, talatin da biyar daga ciki a bayan kantar gidan waya ya yi su. Ya ce shi ba zai zauna a baya ba. A gaba zai zauna, a koya masa tuƙi.

Da rana Malam Birki ya tarar da matarsa, wadda tela ce, ta maƙale takardar halayen a bango saman keken ɗinkinta. Ta ɗauki almakashi tana nuna layi ɗaya bayan ɗaya.

"Mijin mace ɗaya. Wannan ka ci. Ko kana so ma, wace ce za ta yarda?"

"Ki wuce."

"Ba mashayi ba. Ka ci. Mai karɓar baƙi. Ni na ci maka wannan, amma na bar maka. Mai riƙe gidansa da kyau. Yara sun yi aure sun watse, babu mai zuwa ya ba da shaida, ka tsira. Mai iya koyarwa." Ta gangara da almakashin zuwa layin gaba. "Ba mai saurin fushi ba. Ba mai kai hannu ba. Mai sauƙin hali."

Ta ajiye almakashin, ta kife fuska a kan wani yadi, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Ni ban taɓa dukan kowa ba," in ji shi.

"Hannun matar likita da ka buge daga kan giyar mota fa?"

"Giyar nake karewa."

"To, Baban yara, ga shawara kyauta. In kun shiga mota, ka zauna a kan hannuwanka, duka biyun. Kuma duk abin da za ka faɗa, ka fara da 'in ba damuwa'. Kafin ka gama faɗin wannan, fushin ya yi rabi."

Ya ce wannan shirme ne. Ya shiga ɗaki, ta ji shi yana gwadawa a gaban madubi.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas Baba Akawu ya iso filin sanye da kwat, tabarau ɗaure da zare a wuya, ƙaramin littafi a aljihun gaba. Filin ƙasa ce ja, an jera tsofaffin tayoyi da aka shafa wa farin fenti a matsayin hanya. A kusurwa akwai rumfar mai facin taya, wanda ba ɗan majami'ar ba ne, ya dai shekara goma sha tara yana maƙwabtaka da muryar. Baba ya gaishe shi kamar yadda yake gaida kowa, da hannu biyu a sama.

Suka yi addu'a, suka ɗaura bel. Malam Birki ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa.

"In ba damuwa, Baba, ku taka kuloci."

"Wanne ne shi?"

"Na hagu."

"Haguna ko hagun motar?"

"Duk ɗaya ne, Baba."

"Ka tabbata? A gidan waya ba ɗaya ba ne. Hagun mai kanta daban, hagun mai layi daban."

Mota ta tashi, ta yi tsalle ɗaya kamar an tsikare ta, ta mutu. Aka sake. Ta sake yin tsalle, ta mutu. Mai faci, wanda ya saba jin tsawa tun a mutuwa ta biyu, ya ajiye tayar da ke hannunsa ya fito bakin rumfa. Da ya ji shiru har mutuwa ta biyar, sai ya ɗauki alli ya fara ja a jikin injin iskarsa. Kafin ƙarfe goma ya ja ashirin da uku. Motar ta yi tafiyar da ba ta kai taku arba'in ba.

"Yaya ka ga hannuna, ɗana?" in ji Baba yana kwance bel.

"Madalla, Baba. Kun fara da kyau."

Baba ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ɗaga wa mai faci hannu biyu, ya tafi. Malam Birki ya jira har Baba ya sha kwana. Sannan ya taka zuwa bayan rumfar, inda aka jingine wata ƙatuwar tayar tirela, ya durƙusa, ya cusa kansa a ciki, ya faɗi duk abin da ya tara tun safe. Tayar ta riƙe mafi yawa. Ya fito, ya karkaɗe gwiwa.

"Malam," in ji mai faci, "in za ka riƙa amfani da ita kullum, sai in daina neman mai saye."

Ranar Talata an samu ci gaba. Baba ya gano kuloci, motar ta fara tafiya a giya ta ɗaya, a saurin mai zuwa kasuwa da ƙafa. Sai dai wata matsala ta fito. Baba ba ya iya wuce mutum bai gaishe shi ba, kuma bai iya gaisuwa da hannu ɗaya ba. A zagaye na farko ya saki sitiyari ya gaida wata mai ɗauke da bokiti. A na biyu ya gaida masu gadin sito. A na uku motar ta fuskanci rumfar mai faci, Baba ya ɗaga hannuwa biyu yana murmushi.

"In ba damuwa, Baba, sitiyari."

"Mun gaisa da shi ɗazu, amma ban tambaye shi iyali ba."

"In ba damuwa, Baba, muna nufar tayoyin mutumin nan."

"Na gani. Tayoyi masu kyau."

"In ba damuwa, in hali ya yi, ƙafar dama, na tsakiya."

Malam Birki ya yanke shawarar jan birkin hannu. Ya zaro hannunsa na kusa, ya tarar ya mutu. Awa ɗaya da rabi yana zaune a kansa. Ya ɗora shi a kan birkin, yatsun suka ƙi rufewa. Ya zaro ɗayan, shi ma haka. Yana karkaɗa su a iska kamar mai shanya tsumma motar ta shiga tulin tayoyin a hankali, cikin ladabi, ta tsaya. Taya goma sha ɗaya suka gangaro. Ɗaya ta bi ta gefen motar, ta ratsa filin gaba ɗaya, ta fita ta ƙofa, ba a same ta ba sai da yamma.

Mai faci yana saman bencinsa, inda ya haye. Ba wanda ya ji rauni.

"Na tsaya!" in ji Baba. "Ka gani? Da kaina na tsaya!"

"Kun tsaya, Baba."

"Yaya ka ga hannuna yau?"

Malam Birki ya dubi littafin da ke leƙowa daga aljihun kwat. Kwana ɗaya ya rage.

"Madalla, Baba. Ya fi na jiya."

Fuskar tsohon ta haskaka. Ya cire tabarau ya goge, ya ce tunda haka ne zai faɗi abin da bai gaya wa majalisa ba. Ɗansa da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar mota a tsakar gida shekara huɗu ke nan, an rufe ta da tampol. Matarsa Mama kuwa gwiwoyinta sun ƙi, duk Lahadi sai an roƙi wani ya ɗauko ta. Shi ya sa ya ɗaga hannu a majalisa. Gobe za su hau babban titi, Lahadi kuma shi da kansa zai kawo matarsa sujada.

"Shekara hamsin da ɗaya muna tare, ban taɓa buɗe mata ƙofar mota ba," in ji shi. "Kai ka sa zan yi."

A gida matar Malam Birki ta sa ya maimaita mata labarin hannuwan sau uku. Ta yi dariya har ta zame daga kujerar keke ta zauna a ƙasa cikin ƙyallaye. Ta kira maƙwabciya ta taga don ta zo ta ji. Ta miƙe tana gwada yadda yake karkaɗa yatsu. Sai ya kai ga maganar Lahadi.

"Tsaya. Mama ce za ta shiga?"

"Haka ya ce."

"A babban titi, inda tireloli ke bi?"

"Akwai mutum wajen ɗari biyu tsakanin gidansu da majami'a. Duk zai gaishe su."

Ta koma kan kujerarta. "Kai kuma ka ce masa madalla."

"Me zan ce? In na ce masa bai iya ba, zai rubuta cewa ba ni da sauƙin hali. Shi ke nan, an rufe. Babu na huɗu."

"In kuma ka yi shiru, za a samu dattijo na shida a rasa na farko. Biyar ɗin dai za a koma."

"Ke kika ce in zauna a kan hannu."

"A kan hannu na ce. Ban ce ka zauna a kan bakinka ba."

Bai ci abincin rana ba. Ya fita ya wanke motar, wadda ya riga ya wanke da safe.

Labari ya zaga cewa Malam Birki ya daina tsawa. Ranar Laraba tun kafin ƙarfe takwas tsofaffin ɗalibansa suka fara taruwa a filin: direbobin tasi, direban motar asibiti, matar likita da jakarta a cinya. Suka zauna a kan fararen tayoyi kamar masu jiran wasa. Wasu sun ce ba za su yarda ba sai sun gani da idonsu. Wani ya ce wataƙila rashin lafiya ce.

Baba ya iso da sabuwar hula. Suka yi addu'a, suka ɗaura bel. A wannan ranar Malam Birki ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyinsa.

"Baba, kafin mu tashi, in ba damuwa, akwai maganar da nake so..."

"In mun dawo, ɗana. Titi ya fi sauƙi da safe."

Motar ta tashi a karo na huɗu. Baba ya juya ta zuwa ƙofar filin, kuma a karon farko cikin kwana uku ƙafarsa ta gano totur, motar ta zabura. Daga ƙofar zuwa kwalta taku talatin ne. 'Yan kallo suka miƙe. Baba ya gan su, mutum sama da talatin, duk fuskokin da ya sani, duk suna kallonsa. Ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu har suka taɓa rufin motar.

"BIRKI!"

Tsuntsaye suka tashi daga rufin sito. Wani mai babur a kan kwalta ya tsaya ya sauka ya duba tayarsa. Matar likita ta ja hannunta ta ɓoye a bayan jaka. Baba ya taka birki da ƙafa biyu, a daidai lokacin da Malam Birki ya ja na hannu. Motar ta tsaya taku uku kafin kwalta, wata tirela ta wuce ta watsa musu ƙura.

Malam Birki ya miƙa hannu ya zare makulli.

"Baba, ba za ku hau titi ba! Yau ba za ku hau ba, Lahadi ba za ku hau ba! Ba ku iya ba! Jiya ba ku kuka tsaya ba, tayoyin wancan bawan Allah ne suka tsayar da ku! Na ce muku madalla, ƙarya na yi! Shekaranjiya ma ƙarya na yi! Cikin ɗalibai dubu da na koyar babu wanda ya kai ku rashin hannu, har da wancan da ya hau bishiya da ribas!"

Daga cikin 'yan kallo wani direban tasi ya ɗaga yatsa, alamar shi ne.

"In kuna so ku koya, wata shida ne, kullum, hannu biyu a kan sitiyari ko shugaban ƙasa ne ya wuce! Mama kuwa ba za ta shiga motar da kuke tuƙawa ba muddin ina da rai! Ku rubuta!"

Baba Akawu bai rubuta ba. Ya yi kokawa da bel har ya kwance, ya fita, ya buga ƙofar da ƙarfin da ba wanda ya san yana da shi. Madubin gefe ya faɗo. Ya bi ta tsakiyar 'yan kallo ya wuce bai gaida kowa ba.

Sai direban motar asibiti ya fara tafi, saura suka kama, wasu na shewa, wasu na rungumar juna suna cewa ashe lafiyarsa lau. Malam Birki ya ɗauki madubin daga ƙasa, ya je ya zauna a bencin mai faci.

"Shi ke nan," in ji shi.

"Ga taya can in kana buƙata."

"Na riga na gama."

Majalisa ta zauna ranar Alhamis da ƙarfe huɗu a ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a. Malam Birki ya zauna a waje a kan benci, ƙarƙashin tagar da gilashinta biyu suka fashe, saboda haka ya ji komai.

Jerin halayen ya ce dole mutum ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba 'yan ikilisiya ba, don haka aka fara kiran mai faci. Ya ƙi zama don kada ya ɓata kujera da baƙin mai. Fasto ya tambaye shi me ya sani game da maƙwabcinsa.

"Ranka ya daɗe, kunnena na hagu ya tafi, a sanadiyyarsa. Wannan a rubuta. Amma shekara goma sha tara ban taɓa ji ya zagi iyayen ɗalibi ba. Duk abin da yake ihu a kai, in ka duba, gaskiya ne. Ƙarar ce ta yi yawa. Ranar Litinin kuwa na ga abin da ban taɓa gani ba." Ya kwatanta maganar tayar tirela, ya durƙusa a tsakiyar ɗakin don su gane da kyau.

Zaman ya tsaya na kusan minti biyar. An ji wani yana buga tebur, wani yana tari, Fasto yana cewa "'yan'uwa, 'yan'uwa" da muryar da ba ta fita sosai.

Sannan Baba Akawu ya buɗe littafinsa.

"Litinin," ya karanta. "Na rubuta: mai haƙuri, mai sauƙin hali. Talata na rubuta: mai ƙarfafa zuciya. Na soke duka biyun. Ƙarya yake yi mini, ni kuma ina rubutawa. Laraba ya yi mini tsawa a gaban mutum talatin da huɗu. Na ƙirga su ina fita."

Ya juya shafi.

"Da na isa gida na gaya wa Mama abin da aka yi mini. Ta ce ita dama ko an ɗaure ta ba za ta shiga ba, tun Litinin take addu'a Allah ya aiko wanda zai faɗa mini. Ban yarda ba. Ni ma'aikacin gidan waya ne, ba na karɓar magana sai na auna. Na cire tampol daga motar yaron nan, na tayar da ita a tsakar gida." Ya gyara tabarau. "Tankin ruwanmu yana ƙasa yanzu. Igiyar shanya ma haka, da abin da ke kanta."

Zaman ya sake tsayawa.

Mai gidan burodi ne ya dawo da su kan magana. Ya ce yana ƙaunar ɗan'uwan, amma ba su suka rubuta jerin ba, ba kuma su za su goge layi daga ciki ba. An ce ba mai saurin fushi ba. Duk unguwa ta ji abin da ya faru jiya, har a gidan burodi an ji.

"Saurin fushi?" in ji Baba. "Mota ta mutu a hannuna sau ashirin da uku bai ce uffan ba. Ni na buga ƙofa a kan magana ɗaya. In da mai saurin fushi a motar nan jiya, ni ne, a rubuta wannan ma. Murya yana da ita, ba na ɓoyewa, kuma dole ya rage. Amma ku duba ƙasan jerin. An ce ya iya ƙarfafa mutane, ya kuma iya tsawata wa mai taurin kai. Mu biyar ɗin nan, tsakani da Allah, wane ne zai zare makulli daga hannuna?"

Aka kira Malam Birki ya shigo.

"Me ya sa ka ce wa Baba madalla?" in ji Fasto.

"Kujerar nake so."

"Laraba fa?"

"Har Laraba ina so. Na dai ga tirela."

Baba ya rufe littafinsa. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: a nemi gafararsa a kan Litinin da Talata. Ta Laraba ba ya so, ko an kawo ba zai karɓa ba. Malam Birki ya durƙusa ya nema, da muryar da sai da aka ce ya ɗan ɗaga.

Aka jefa ƙuri'a. Huɗu suka amince, har da mai gidan burodi, wanda ya nemi a rubuta cewa za a riƙa zaunar da sabon dattijon nesa da lasifika. Baba Akawu ya janye. Ya ce har yanzu yana jin haushi, kuma bai dace mai jin haushi ya jefa ƙuri'a ba.

Malam Birki ya tsaya a tsakiyar ɗakin bai san inda zai sa hannuwansa ba. Aka jawo kujera ta shida daga jikin bango, aka karkaɗe ta, ya zauna a bakinta. Fasto ya yi addu'a. Da aka ce amin, dattawan suka fara kallon juna, kowa na yi wa ɗan'uwansa alama da gira.

"Tunda Allah ya kawo ka," in ji Fasto, "akwai wani ɗan aiki da ya shekara shida a gaban majalisa. Shugabar ƙungiyar mawaƙa. Baiwar Allah ce, ta yi hidima shekara arba'in. Sai dai muryar ta riga ta yi ritaya, ita ce ba ta sani ba. Ana buƙatar wanda zai je ya gaya mata cikin ƙauna."

Malam Birki ya dubi Fasto, ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Surukata ce fa."

"Mun sani," in ji mai gidan burodi. "Shi ya sa muka ga zai fi sauƙi, tunda kuna shiri."

"Wa ya ce muna shiri?"

Magatakarda ya riga ya rubuta, ya ja layi a ƙasa. Aka ba shi zuwa ƙarshen wata.